Kwakwar Illa Mai Yasar Rijiya

Wadda ta fara ba ni labarin Illa ita ce matarsa Balki, Allah ya jiƙanta. Ni ban taɓa sa shi a ido ba. Lokacin da abin ya faru ina Kano cirani, kuma ba garinmu ɗaya ba. Sai da na je neman auren kakarki Amina a Takieta, aka ce in je in gaida matar wan ubanta. Na tarar da ita tana sussuka a ƙofar ɗaki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in zauna, wanda zai auri Amina ya kamata ya san abin da ta ci ta rayu. Sauran kuma daga bakin surukina Tahiru na tsince shi, kaɗan-kaɗan, don shi ba mai son zancen ba ne. To Sakina, gyara zama, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki sa mini Faransancin makarantarku ta lakwal a ciki.

An haifi Illa a Tudun Aduwa, wani ɗan ƙauye arewa da Garagumsa. Ubansa mai yasar rijiya ne, kakansa ma haka. Su biyu ubansu ya bari, Illa babba, Tahiru ƙaninsa. Illa gajere ne mai faɗin ƙirji, damatsansa kamar taɓarya, zuciyarsa kuma a kusa take. Tun yana saurayi aka san shi a kasuwar Takieta, ranar da wani mahauci ya kira shi gafiya don yana shiga rami. Ya ɗaga mutumin nan ya nana shi a kan nasa teburin nama, haƙarƙari ya karye, sai da dattawa suka shiga tsakani. Balki ta ce ita bai taɓa ɗaga mata hannu ba, amma tukwanenta da ƙyauren ɗaki sun sha wuya. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba wanda ya isa ya tayar masa da wannan magana.

Sana'ar nan tasu tana da dokokinta, tun daga kakanni. Mai shiga rijiya ba ya ba bare igiyarsa, sai jininsa. Tun rasuwar ubansu Tahiru ke riƙe wa Illa. Kuma igiyar a hannu ake riƙe ta, a bi da ita kan gungumen bakin rijiya, ba a ɗaura ta a jiki, don in tsautsayi ya zo mutum ɗaya za a rasa, ba biyu ba. Kafin ya sa ƙafa kuma, sai su yi hannu da ɗan'uwansa su yafi juna da baki, ko da ba abin da ya haɗa su, don wanda ya shiga rijiya ya rataye likkafaninsa a bakinta. In ya gama ya fito, ruwa ya taru, gugan farko nasa ne. Ko mai gari ba ya taɓa shi. A shekarun ƙoshi ba wanda ya damu da wannan gugan, sau da yawa jakuna yake zuba wa.

Wani rani, tun ubansu na raye yana riƙe masa igiya, aka kira shi Damagaram ya yashe wata tsohuwar rijiya a Birni, a gidan wasu Barebari. A zauren gidan akwai wani tsoho, Ari, tsohon sojan Faransa, idanunsa sun fara yana. Da Illa ya fito, laka tun daga kai har ƙafa, tsohon ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana bin ruwa cikin rami. Illa ya ce tun yana ɗan ƙarami. Ari ya yi dariya, ya ce shi ya san ƙasar da ruwa ke bin mutane, su suna gudu.

Tsibiri ne, wai sunansa Madagaska. Ari ya ce ƙasa ce zaune a tsakiyar teku kamar dunƙulen fura a cikin ƙwaryar nono, ko'ina ka nufa ruwa ne zai tare ka. A gefen da suka zauna sama ba ta gajiya da zuba, mutum ya shanya riga sai ta yi funfuna kafin ta bushe. Shinkafa ake ci safe da rana da dare, har ƙanzon tukunyar ma ba a zubarwa, a zuba masa ruwa a tafasa a sha kamar shayi. Kifi wani ya kai ɗan maraƙi. Akwai ƙaguwa mai girman faifai, a dafa ta da ruwan kwakwa da barkono. Ayaba da mangwaro suna ruɓewa a ƙasa, ko awaki sun ƙoshi da su. Shanunsu masu tozo ne irin namu, amma a cikin taɓo suke aiki, su ke tattake gonar shinkafa. Ya ce mutanen can suna da wata al'ada, sai a shekara a buɗe kabari a fito da ƙasusuwan iyaye, a naɗe su da sabon mayafi, a yi kiɗa a yi rawa da su a kafaɗa, sannan a mayar. Nan Illa ya yi a'uziyya, ya ce wannan kam su riƙe abinsu.

Abin da ya fi kama shi kuwa shi ne da Ari ya ce Nasara suna zuwa bakin tekun nan ba don aiki ba, ba don fatauci ba, sai don su zauna kawai. Suna kiransa bakans. Mutum ya tuɓe ya kwanta a kan rairayi, ya ci, ya shiga ruwa, ya fito ya sake kwanciya.

«In rairayi suke nema, Baba, ai da sun zo Garagumsa,» in ji Illa. «Mu ba su kyauta, har da buhu.»

Ari ya ce ai rairayin can gefensa ruwa ne, ruwan da ba ka ganin ƙarshensa, sai dai ba ya shawuwa don gishiri. Wannan Illa bai taɓa yarda da shi ba har ya mutu. Ya ce Allah ba zai tara ruwa haka ba sannan ya ɓata shi.

Daga ranar nan duk shigar da zai yi Damagaram sai ya biya zauren Ari da ɗan goronsa. Ya dawo ƙauye ya zauna gindin aduwa ya maimaita, yana ƙara gishiri, kifin ɗan maraƙi ya zama sa. Ya haddace hanya kamar wanda ya taɓa bi: babbar motar kamiyo zuwa Kano, jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan bato, jirgin ruwa. Ya ce shekarar da gyaɗa ta yi kyau zai ɗauki Balki su je su zauna, ba abin da za su yi. Shi dai ya ga ruwan da ba haƙa shi aka yi ba, ya ga sama buɗe, ba kamar bakin ƙwarya ba yadda yake ganinta daga gindin rijiya. Mutane suka yi ta dariya a bayan idonsa. Wa ya taɓa jin namiji ya bar gida, ba Makka ba, ba cirani ba, sai don ya je ya kwanta? Liman ya ce gara ya fara da Makka, Illa ya ce a kan hanyar dawowa. Aka sa masa suna Mai Tsibiri, amma daga nesa ake kira.

Sau ɗaya ya tambayi Ari abin da ya kai su can. Tsohon ya ce Nasara ne suka kai su su kashe mutanen da ba su yi musu komai ba. Sun ƙone garuruwa, sun ƙone rumbunan shinkafa, kuma itatuwan kwakwar nan dogaye masu kyau da yake ba shi labari, ya ga an ɗaure mutane a jikinsu an harbe. Wannan Illa bai kai shi gindin aduwa ba, Balki kaɗai ya faɗa wa.

Shekarar da damina ta fara gardama, wani ɗan gidan su Ari, direban kamiyo, ya kawo wa tsohon kwakwa daga Kotonu, guda cur da ɓawonta na waje, ta kai kan mutum. Ari ya girgiza ta kusa da kunnen Illa, ruwa na motsi a ciki. Ya ce ga itacen tsibirin nan, kuma ga ruwan da ba a haƙa ba. Ya ba shi, ya koya masa yadda ake kwantar da ita a gefe, a rufe rabi a bar rabi, a ɗan barbaɗa gishiri.

«Ba za ta fito a rairayinku ba, ɗan rami,» in ji Ari. «In kuwa ta fito, ka kawo mini ganye ɗaya. Ido ya tafi, amma hannu zai gane shi.»

Illa ya shuka ta bayan ɗakin Balki, ya kewaye da ƙaya har tsayin ƙirji. Gugan farko ya zama nata. Ruwan alwalarsa nata, ruwan wankin ƙoren Balki nata.

To, sai fari ya sauka na gaske. Gero ya yi tsayin gwiwa ya tsaya, ya yi fari fat. Shekara ta zagayo, aka yi shuka aka binne iri a banza. Shanu suka riƙa faɗuwa a hanya, ungulu har ta ƙoshi ta kasa tashi. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna kwashe ɗan hatsin da ta tara, suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, ga ruwan jiƙon ma babu. Da aka kawo jar dawa ta taimako Takieta, da bulala ake rabo, mutum ya je da ƙwarya ya dawo da fasasshen kai. Rijiyoyin ƙauyukan kewaye suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Ta Tudun Aduwa ce ta rage, don Illa na bin ruwan ƙasa-ƙasa. Kusan kullum sai ya shiga ya ƙara tono, Tahiru na riƙe da igiya. Ruwan ba ya wuce ya tsattsafo, mata su yi layi da tuluna suna jira ya taru. Mutanen Kwarin Gawo, maƙwabtansu, suka fara zuwa da jakuna. Mai gari ya raba, safiya ta ƴan gari, yamma ta baƙi. Sau da dama kafin yamma ba abin da ya rage sai taɓo.

Cikin wannan hali kwakwa ta tsiro. Wani ɗan tsinke kore shar ya ɓullo ta jikin ɓawon, kamar bakin mashi. Balki ta ce ba ta taɓa ganin fuskar mijinta irin ta ranar nan ba. Ya durƙusa gabanta tun hantsi har rana ta take. A duk garin, kai har daji, ba wani abu kore sai ita. Tsofaffi suka zo leƙe ta saman ƙaya, yara suka zo, awakin da suka rage suka yi ta kewaya. Wasu suka ce alama ce ta damina mai kyau. Wasu kuma suka fara lissafin gugan da ke tafiya bayan ɗakin Balki, gugan da ya fi kowane tsabta da cika.

Wanda ya fara faɗa a fili Mai Nasara ne, wani dogo daga Kwarin Gawo, mai ƴaƴa da yawa. Wata yamma Illa ya fito daga rijiya, aka ja gugan farko, ya juye a tulunsa zai wuce. Mai Nasara ya tare shi. Da farko da lalama ya yi magana, ya ce ya ji tsoron Allah, ga yara bakinsu ya tsage, ya ba su wannan, itace ya jira gobe. Illa ya ce gugan gadonsa ne, kuma ba don shi ba da ko taɓon ma ba su gani ba. Mai Nasara ya ce wanda bai haifa ba ai dole ya yi renon itace.

Illa ya ajiye tulun a hankali, ya gyara masa zama don kada ya karkace. Sannan ya juyo. Naushi ɗaya ya zubar wa Mai Nasara haƙoran gaba. Bai bar shi nan ba, ya kama wuyan rigarsa ya ja shi har bakin rijiya, ya danna kansa ciki, ya ce ya duba da kyau, in yana son gugan farko ga hanya nan. Tahiru da wasu suka ɓamɓare shi da ƙyar. Mutanen Kwarin Gawo suka ɗora nasu a jaki, jini na zuba a ƙirjinsa, suka tafi da tulunansu wayam. Ba su dawo washegari ba, ko wanshekaren ta. Mai gari ya aika a ba su haƙuri, suka kori ɗan aiken. Aka ji suna zuwa wata rijiya mai nisa, har jakinsu ɗaya ya mutu a hanya, kuma ƙaramin ɗan Mai Nasara ya rasu a waɗannan kwanaki.

Kakarki a lokacin yarinya ce, ba ta kai tallar fura ba. Anzar da ba ta gama jiƙuwa ba ta ɓata mata ciki, ta yi ta gudawa har ta kasa zama. Duk abin da aka ba ta sai ya dawo. Ubanta Tahiru mutum ne mai sanyi, tun suna yara bai taɓa musa wa wansa ba. Amma ya je ya same shi. Ya ce kowa ya san ƙwallon giginya in ya tsiro ana tono a ci muruci, wannan ma ai muruci ne, babba ne kawai, kuma an ce da ruwa mai zaƙi a ciki. Ya roƙe shi saboda Amina. Illa ya ce wannan ba giginya ba ce, zai je Takieta ya samo mata dawa ko da za a fasa masa kai. Ya je, ya dawo da ɗan abin da ya samu da tabon bulala a baya, aka dama mata, ta amayar.

Rannan da azahar Illa ya tafi haƙa kabarin wata tsohuwa, don a shekarar nan shi ne mai kabari ma. Tahiru ya ɗauki dagi ya zagaya bayan ɗakin Balki. Ta gan shi, ta kawar da kai. Ya janye ƙaya, ya durƙusa ya fara tone gefen kwakwar. Lokacin ta yi ganye, mai faɗi kamar tafin hannu. Ashe Illa ya manta da ƙwaryar kwasar ƙasa, ya dawo ɗauka.

Balki ta ce Illa na ganinsa ya yi kansa. Ya fizge dagin, ya juya ƙotar, ya sauke ta a kan hannun Tahiru na dama, hannun da ke cikin ramin. Ta ji ƙarar ƙashi daga inda take. Tahiru ya faɗi gefe, Illa ya bi shi da ƙafa, a ciki, a baya, har cikin ƙaya. Sai da Balki ta faɗa kan Tahiru ta rufe shi da jikinta sannan ya tsaya. Ya koma ya durƙusa ya mayar da ƙasa a gindin kwakwar da hannuwansa, yana haki. Tahiru ya tashi ya fita, riƙe da hannunsa.

Kwana biyu ba a shiga rijiya ba, ruwa ya ɗauke ƙaf. Mata suka taru ƙofar mai gari. Ba yadda za a yi, sai Illa ya shiga, kuma ba shi da wani jini sai Tahiru. Wani dattijo ya ce a bar samari su riƙe igiyar, Illa ya ce ba a taɓa yi ba tun kakansa, ba kuma a kansa za a fara ba. Da hantsi Tahiru ya zo, hannun a cikin riga. Suka tsaya bakin rijiya, mutane suna jira su ga sun yi hannu sun yafi juna. Illa ya dubi hannun rigar nan, ya ga yatsun da suka leƙo sun kumbura sun yi baƙi. Bai miƙa masa hannu ba. Ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya jefa wa ƙaninsa ɗaya bakin.

«Riƙe.»

«To, Yaya.»

Samari suka taimaka aka zura shi har ƙasa, sannan suka koma jan kwandon laka da tasu igiyar. Tahiru ya san hannu ɗaya ba zai riƙe Illa ba in an zo fitowa. Da ya ga ba mai kallonsa, ya naɗe igiyar a ƙugunsa ƙarƙashin riga, ya ƙulle. Ya ce mini ya san haramun ne a sana'arsu, amma ya ga gara haka da a ce igiya ta kuɓuce masa, duniya ta ce ramuwa ya yi.

Rana ta yi tsaka, Illa ya girgiza igiya alamar a ja shi. Samari suka kama bayan Tahiru suna ja, shi kuma yana tattako bango da ƙafa. Ya yi kamar rabin hanya sai ga mutanen Kwarin Gawo, ba tulu ba jaki, kowa da gora ko gatari, Mai Nasara a gaba da baki a kumbure. Ba su yi sallama ba. Mata suka watse, tuluna suka farfashe. Samarin da ke jan igiya suka saki, wasu suka rarumi sanda, wasu suka gudu. Aka kaure. An sare wa wani kunne, an fasa kan ɗan mai gari, wata tsohuwa aka tattake ta a cikin taɓo.

Nauyin Illa gaba ɗaya ya koma ƙugun Tahiru. Ya toka ƙafafu a jikin gungume, ya kama igiyar da hannun hagu. Mai Nasara ya nufo shi, yana tambaya ina Mai Tsibirin, ya fito ya karɓi gugansa. Ya sauke masa gora a kafaɗa, ya ƙara a gadon baya. Tahiru ba shi da hannun karewa. Aka doke masa gwiwa, ƙafar ta goce daga gungumen, ya faɗi rub da ciki, igiya ta fara jansa. Ƙasa yake kamawa da hannu ɗaya tana zamewa. Kansa ya shiga bakin rijiya, kafaɗunsa suka bi.

Daga ƙasa Illa ya ɗaga kai. Tahiru ya ce sun haɗa ido, don hasken na kan fuskar Illa. Ya ga wan nasa ya dubi igiyar, ya bi ta da kallo har inda ta shige ƙarƙashin riga, ya gane. Ya zage shi, zagi irin na uba, ya ce wa ya koya masa wannan. Sannan ya ce:

«Na yafe. Kai ma ka yafe.»

Yana da ƴar wuƙa a damtse, wadda yake yanke saiwa da ita. Tahiru bai ga lokacin da ya zaro ta ba, ya dai ji ƙugunsa ya yi sakayau, sannan ya ji faɗuwar daga can ƙasa.

Wannan ƙarar ce ta tsayar da faɗan. Mai Nasara da kansa ya kama ƙafar Tahiru ya janyo shi baya. Aka tsaya cirko-cirko, ba mai kallon wani. Da aka rasa mai shiga, wani saurayi daga Kwarin Gawo ya ce a zura shi, bare ya riƙe wa bare igiya. Aka fito da Illa a naɗe cikin tabarma, da ransa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da ke motsi.

Ya ce kada a kai shi ɗaki, a shimfiɗa masa bayan ɗakin Balki. Can ya kwanta kusa da ƙayar. Mai ɗori ya zo ya taɓa bayan, ya girgiza kai, ya ɗaure hannun Tahiru ya tafi. Ba a ƙara yasar rijiya yadda ya kamata ba, ruwan ya koma ɗan abin da ake rabawa da ludayi. In Balki ta kawo masa nasa sai ya jiƙa leɓe, ya miƙa hannu ta cikin ƙaya ya zuba sauran. Duk da haka bakin ganyen ya fara ƙonewa. Yana kwance yana kallo, daga can cikin gida kuma yana jin kukan uwar Amina, don yarinyar ta daina ko kuka.

Wata safiya ya sa aka kira Tahiru. Ya ce a ba shi wuƙa. Ya zaɓi ganyen da ya fi lafiya, ya yanke shi daga tushe, ya ba Balki ta riƙe. Sannan ya ce wa ƙaninsa ya tone murucinsa. Tahiru ya tsaya. Illa ya ce ya tone tun bai sake ra'ayi ba, hannun hagun ma yana iya karya shi daga kwance.

Aka tone, aka fasa da gatari. Ruwan da suke tsammani babu shi. Sai wani farin dunƙule ya cika cikin, mai laushi kamar audugar rimi, da zaƙi-zaƙi da ɗan maiƙo. Ari bai taɓa ba shi labarin wannan ba. Aka gutsura aka sa wa Amina a baki, ta tsotsa, ya zauna. Aka ƙara, ya zauna. Kwana da kwanaki da shi da ɗan naman da ke jikin ƙoƙon aka riƙa lallaɓa ta, har cikinta ya karɓi kunu. Balki ta miƙa wa Illa ɗan guntu. Ya ɗanɗana, ya daɗe yana juya shi a baki, ya ce to, ya ci abincin tsibiri, saura ganin ruwan.

Ganyen kuwa ya sa Balki ta naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, ta soke a jinkar ɗaki. Ya ce ba aike zai yi ba, da kansa zai kai. Da ya ji sauƙi a ɗora shi a jaki zuwa Takieta, ya hau kamiyo, ya shiga zauren nan ya sa wa tsohon a hannu ba tare da ya ce komai ba, ya ga ko hannun zai gane kamar yadda ya cika baki. Kullum sai ya tambaya ko ganyen na nan, ko ya bushe, ta ce yana nan. Ya riƙa shirya abin da zai ce wa Ari, yana dariya shi kaɗai, dariyar na tayar masa da ciwo.

Bai kai damina ba. Bayansa ya yi gyambo, zazzaɓi ya shiga, ya rasu ana saura kaɗan hadari ya fara haɗuwa. Tahiru ya haƙa kabarin da hannu ɗaya, Mai Nasara na kwashe ƙasa. Ba da jimawa ba bangon rijiyar ya rufta, garin ya watse, su Balki da Tahiru suka ɗaure ƴan komatsansu suka gangaro Takieta. Ta ce sai da suka yi nisa, garin ya ɓace a bayansu, sannan ta tuna da abin da ke soke a jinka. Ta tsaya a hanya, ga kaya a ka, ga Amina a baya. Tahiru ya ce in an samu wurin zama zai koma ya ɗauko, ya kai Birni da kansa. Na tambaye shi, shekaru bayan haka, ko ya koma. Ya ce bai san ma ƙofar gidan su Ari ba, Illa ne kaɗai ya sani.